Man Shanun da Na Ba Murjanatu

Shekara uku ina ba 'yata Murjanatu man shanu cokali biyu kowace safiya, da hannuna. Ban taɓa wakilta kowa ba. Ko uwarta Baraka ba na bar wa, don na san ranar da yarinyar ta yamutsa fuska za ta tausaya mata ta rage. Ni ba na ragewa.

Sunana Malami, gyaran injin niƙa nake yi a Anka. Karatuna na boko ya tsaya a aji shida. Kafin mu dawo gari muna wani ƙauye ne kusa da Bagega. Ina da injina na kaina a lokacin, kuma da harkar zinari ta buɗe sai na daina niƙa gero na koma niƙa dutse, a cikin gida, kusa da inda yara ke wasa. A 2010 ƙurar dutsen nan ta kashe mini ɗana Bello yana shekara huɗu. Gubar dalma, haka likitocin da suka zo suka kira ta. Murjanatu ba ta cika shekara biyu ba. Ta sha magani wata da watanni, Allah ya bar mana ita. Tun daga nan hankalina bai ƙara kwanciya a kanta ba. Ko tari ta yi sai na ajiye abin da nake yi na saurara.

Tana shekara goma sha uku abin ya fara. Wata rana da magariba ina alwala a tsakar gida, ta fito daga ɗaki ta nufi turmi kamar babu shi a wurin, ta yi karo da shi ta faɗi. Ƙanwarta Safa, mai shekara uku, ta yi ta ƙyalƙyala dariya.

"Ke, ina kika bar idonki?" in ji uwarta.

"Duhu ne ya yi," ta ce, tana laluben bango.

Na dubi tafin hannuna. Ina ganin kowane layi a cikinsa.

Washegari na kai ta inda ake auna jinin yaran da suka sha gubar nan. Na riga na yanke wa kaina hukunci a hanya, cewa abin da ya ɗauki Bello ne ya dawo ya ƙarasa. Amma da aka auna sai aka ce dalmar da ta rage a jininta kaɗan ce, ba ita ba ce. Na dawo gida ban san murna zan yi ko tsoro ba.

Mahaifiyata, wadda kowa a gidan ke kira Inna, tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Ta ji bayanina har ƙarshe sannan ta yi tsaki.

"Duk wanga yawo a kan dundumi? Dundumi na, Malami. Kai ma ka yi shi."

"Ni, Inna?"

"Shekarar yunwa. Da rana ta faɗi sai ka riƙe mani zane kamar makaho. Hanta nis samo wurin mahauci, nig gasa, niɗ ɗiga maka ruwanta ga ido, sauran kac ci da man shanu. Kwana bakwai kana tsintar allura ƙasa. Idon yarinya ya bushe na, maiƙo shika so."

Na tuna abin. Na tuna ƙamshin hantar, da zafin ruwanta a idona, da yadda duhun ya ɗage. Ba labari aka ba ni ba, a jikina aka yi. A ƙasarmu kowa ya san dundumi, wato mutum ya kasa gani in rana ta faɗi, kuma kowa ya san maganinsa ke nan. Har mai kemis ɗin unguwarmu ya ƙarfafa ni. Ya ce sinadarin da ido ke so ba ya shiga jiki sai da maiƙo, ya haɗa ni da wasu ƙwayoyi masu ruwan zinari, ya ce man kifi ne.

Hanta ba kullum ake samu ba. Man shanu kuwa Allah ya ba ni Dikko. Bafulatani ne, yana zaune da 'yan shanunsa da suka rage a gefen Bukkuyum. Mun saba tun wata rana da na ɗauko matarsa Zulai a babur tana naƙuda. Da na faɗa masa halin da ake ciki, sai ranar kasuwa na gan shi a ƙofar shagona da kwalba naɗe cikin tsumma.

"Kaɗo, amshi. Zulai ta ce na saniyar da ta fi cin ɗanyar ciyawa na, dubi jan shi."

Na sa hannu aljihu, ya ɓata rai.

"In ka fito da hannun ga da wani abu, ba ka ƙara ganina. Ku Haɓe komi sai kun sa mashi farashi."

"Ku kuma Fulani ko gaisuwa sai kun ja ta kamar igiya."

"Don muna da abin ɗaurewa. Kai mi kaka da shi ban da baƙin mai?"

Haka ya riƙa zuwa duk bayan mako biyu. A wannan zamanin ba ƙaramin abu ba ne Bafulatani ya ratso daga Bukkuyum zuwa Anka. Ana tare shi a hanya, ana zazzage jakarsa, ana yi masa tambayoyi kamar ɓarawo. Bai taɓa fasawa ba.

Da farko kamar abin zai yi. Murjanatu ta yi ƙiba, kumatunta suka ciko, maƙwabta suna cewa Malami me kake ba yarinyar nan. Ina jin daɗi har cikin raina. In ta ce man ya ishe ta sai na zauna a gabanta da cokali, ba na tashi sai ta haɗiye. Safa tana tsaye a gefe tana jira, ita ke lashe cokalin.

Amma idon bai dawo ba. Shekara ta zagayo, abin ya wuce magariba ya shigo rana. Takan wuce mutum a gefenta ba ta gan shi ba, har wata ƙanwar uwarta ta yi fushi ta ce yarinyar ta fara girman kai. Karatu kuwa tana yi, ta ma fi kowa a ajinsu, sai dai kanta ke bin layin daga wannan gefe zuwa wancan, kamar kaza tana bin tsaba. Na kai ta Gusau aka ba ta tabarau, bai ƙara komai ba.

Wata safiya na tambaye ta, "Wai yaya kike gani? Ki faɗa mini yadda zan gane."

Ta ɗauki wani guntun bututu da na zo da shi daga shago ta miƙo mini. "Leƙa ta nan, Baba." Na leƙa. "To haka. Yanzu ina ganin idonka da hancinka, kunnuwanka kuwa babu."

"Ba ki yi asarar komi ba," in ji Inna daga bakin ɗaki. "Kunnuwan ubanki ba abin kallo ba na. Na gidansu ya ɗauko."

Muka yi dariya dukanmu. Da na fita na tsaya a bayan gida na sake leƙawa ta bututun, na yi taku uku, na yi tuntuɓe da dutse.

Sai wasu abubuwa suka biyo baya waɗanda ban haɗa su da ido ba. Wata rana wake ya ƙone ƙurmus tana zaune a gaban murhu, hayaƙi ya kai har gidan maƙwabta, ita ba ta ji ƙauri ba. Fatar ƙwaurinta ta riƙa yin ɓawo kamar ta kifi, muka shafa mata man shanu. Takalminta yakan fita daga ƙafarta ta yi gaba ba ta sani ba. Duk abin da ya fito, ni ƙara cokali nake yi.

Tana shekara goma sha shida wani ma'aikacin asibiti da nake yi wa gyara ya ce in daina yawo, in kai ta babban asibiti a Sakkwato. Muka bi ta Gummi, muka kwana wurin dangin uwarta, da safe muka ƙarasa.

Likitar mace ce, ba ta kai shekarun Baraka ba, sunanta Dakta Ummukulsum. Ta ɗiga mata magani, ta daɗe tana leƙa idon da wata fitila. Na zaci shi ke nan. Sai ta buɗe jakarta ta fito da kwalbar turare, ta ce Murjanatu ta rufe ido, ta kara mata a hanci.

"Me kika ji?"

"Sanyi-sanyi."

"Ƙamshi fa?"

"Babu."

Ni daga inda nake zaune turaren ya cika mini hanci.

"Cire takalminki," in ji likitar.

Na ce a raina, ido muka kawo, me ya haɗa shi da ƙafa. Ta durƙusa ta kama yatsan Murjanatu na kusa da ƙarami, wanda yake gajere, ya ɗan hau kan 'yan'uwansa. Haka yake a ƙafa biyun tun haihuwa.

"Wannan na gidanmu ne," na ce. "Inna ta ce kakanmu Ubaidullah haka nasa yake."

"Kakanku kai da wa?"

"Ni da uwarta. Ubana da ubanta uwa ɗaya uba ɗaya."

"Ya ganinsa yake kafin ya rasu?"

Tun da na buɗe ido na san shi da sanda da ɗan jagora. Mun ɗauka tsufa ne. Sai a kujerar nan na lissafa na ga ashe bai tsufa ba lokacin da ya makance.

Ta koma ta zauna, ta tambayi abin da yarinyar ke ci. Nan na gyara zama. Na faɗa mata komai da alfahari: hanta, ƙwayoyin man kifi, fura da nono, man shanu cokali biyu ko uku, shekara uku babu fashi. Ina magana tana rubutu, sai na ga biron ya tsaya.

"Malam, akwai abin da nake zargi, amma ba ni da tabbas. Ciwo ne da ba a cika gani ba, ni ma a littafi na san shi. Akwai abokan aikinmu a ƙasar waje da ke bincike a kan makantar gado, zan aika musu jininta. Zai ɗauki watanni. Kafin nan ka dakatar da man shanun nan da nono da ƙwayoyin."

Na ce to.

Ban dakatar ba. Wannan shi ne abin da nake so in rubuta, don ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba. Da muka dawo na gaya wa Inna, ta ce likitar nan, yarinya ƙarama da ba ta san yunwa ba, ita za ta hana mutum abin da ya warkar da uban yarinyar? Amma ba zan ɗora wa Inna ba. Ni ne na zauna na yi tunani. Likita da kanta ta ce ba ta da tabbas. Ni kuwa ina da tabbas a kan idona biyu. Kuma sai wani tsoro ya kama ni: in ɗan ganin da ya rage mata man nan ne ke riƙe da shi fa? In na daina ya rufe gaba ɗaya, me zan ce? Na zubar da ƙwayoyin don in ce na bi magana. Cokalin kuwa na ci gaba.

"Baba, likita ta ce a bari," Murjanatu ta ce ranar farko.

"Likita ta ce zato take yi. Buɗe bakinki."

Ta buɗe.

Wata huɗu da kwanaki aka kira ni a waya aka ce mu zo. Wannan karon sai da na riƙe mata hannu a matakalar asibitin, don ƙafafunta sun fara rawa.

Dakta Ummukulsum ta ajiye takarda a gabanta. Ta dube ni ta ce, "Ka ce gyaran injin niƙa kake yi ko? In aka zuba wa inji abin da ba zai iya niƙawa ba, me ke faruwa?"

"Ya toshe, ya yi zafi, ya ci haƙoransa."

"To ka saurare ni. Saniya tana cin ciyawa. A cikin tumbinta koren ciyawar nan yana komawa wani irin maiƙo, ya shiga nononta da kitsenta. Haka akuya, haka tunkiya, har wasu kifaye suna da shi. Ni da kai in mun ci, jikinmu yana da abin da ke niƙe shi ya fitar. Murjanatu an haife ta babu wannan abin. Kai kana ɗauke da rabin matsalar, uwarta tana ɗauke da rabi, ku ba ta taɓa ku ba, a jikinta suka haɗu. Duk wanda ta ci yana nan bai fita ba. Ya taru a kitsen jikinta, yana bin jini yana zuwa jijiyoyin ƙafa, da fata, da hanci, da wani siririn tantani da ke can ƙuryar ido, wanda shi ke kama haske. Shi ne yake mutuwa daga gefe zuwa tsakiya."

Na ji maganar Dikko a kunnena. Saniyar da ta fi cin ɗanyar ciyawa.

"Amma ni ya warkar da ni," na ce. "Wallahi ya warkar da ni."

"Na yarda. Naka dundumin yunwa ne, kuma mahaifiyarka ta yi daidai. Alamar iri ɗaya ce, ciwon ne daban. Ko ba ka ba ta ba, da ciwon zai zo, don abincinmu ke nan. Sai dai adadin da aka samu a jininta ya yi yawa ƙwarai." Ta sake duban takardar. "Kun dai daina tun wancan zuwan ko?"

Kafin in haɗa kalma sai na ji muryar Murjanatu.

"Mun daina."

Ba ta juyo ta dube ni ba. Ko da ta juyo ma, sai ta nemo ni tukuna.

Na tambayi magani. Na ce ko ina ne, ko me za a sayar. Likitar ba ta yi mini ƙarya ba, kuma har yau ban san ko in gode mata a kan haka ba. Ta ce akwai wani nau'in makantar gado da ake yi wa allura a cikin ido a ƙasashen waje, amma ba irin na 'yata ba ne. Akwai injin da ke tace jini ya rage maiƙon in ya kai ga barazana ga rai, amma ba ya dawo da gani. Akwai masu bincike da ke neman maganin da zai taimaki ido ya sarrafa maiƙo, an ga alamar nasara a jikin ɓeraye.

"Ɓeraye?"

"Daga nan ake farawa, Malam."

"Daga ɓera zuwa mutum shekara nawa ne?"

"Goma, ko fiye. Wani ma ba ya isowa."

"Ashe ɓerayen can sun fi mu gata," in ji Murjanatu. Likitar ta yi ɗan murmushi, sannan ta sunkuyar da kai.

Ta ce abin da ya rage shi ne abinci. Babu nono, babu man shanu, babu naman saniya ko akuya ko rago. Gero, dawa, wake, ƙwai, kaza, manja, waɗannan ta ci. Ƙafa da fata za su iya samun sauƙi. Ido kuwa abin da ya tafi ya tafi, fatan kawai a rage wa sauran gudu. Ta ce mu kawo ƙanwarta a duba.

"Sai abu ɗaya, kuma shi ya fi komai. Kada ta rame. Kitsen jikinta kamar rumbu ne cike da abin nan. In ta zauna da yunwa jiki zai fara cin kitsen, rumbun ya buɗe, ya zubo cikin jini gaba ɗaya. Ko azumi ku je ku yi wa limaminku bayani, lalura ce."

Na dubi kumatun 'yata, waɗanda na yi shekara uku ina alfahari da su.

A mota muka yi ta tafiya har muka wuce Gummi. Can na ce, "Me ya sa kika ce mun daina?"

"Da ta yi maka faɗa a gaban mutane."

"Ai na cancanta."

"Baba, bar shi." Ta jingina kanta da gilashi.

Inna ta ƙi yarda da farko. Ta ce nonon saniya da duniya ta sani waraka ne, yau shi za a ce guba? Baraka ce ta ce da ita, cikin kuka, "Inna, ki tuna Kaka Ubaidullah. Mi yaka ci?" Inna ce ta yi masa hidima tana amarya. Ita ta san ba ya kwana sai da ƙwaryar fura da nono, kuma da ganinsa ya fara raguwa ita ce aka sa ta riƙa zuba masa man shanu a tuwo. Ta tashi ta shiga ɗaki. Tun daga ranar ba ta ƙara tsokanar kowa ba.

Na zaci daina man shi ne mai wuya. Ashe cin abincin ne. Wanda ba ya jin ƙamshi ba ya jin daɗin abinci, ban san haka ba sai a kanta. Ta ce da ma santsin man da gishiri kawai take ji a baki, yanzu tuwo kamar auduga yake. Ta kan yi loma uku ta ture kwanon. Makaranta ta gagara, don ta faɗi sau biyu a hanya. Ta koma zaman ɗaki, ga rashin ci ga damuwa. A cikin wata biyu zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

Na roƙe ta, na yi mata faɗa, na yi mata kuka. Wata rana na ɗaga murya na ce, "Buɗe bakinki!" Sai na ji irin muryar da na yi shekara uku ina yi ce. Ita ma ta ji.

Ranar kasuwa Dikko ya zo. Zuwansa biyu da suka wuce na karɓi kwalbar na ɓoye a shago, na kasa faɗa masa. Wannan karon ya iso da ƙura har gira, rigarsa ta yage a kafaɗa, ya ce an tsayar da su a hanya tun hantsi.

"Kaɗo, ina ɗiyata? Ta fara tsintar allura?"

Na ja shi bayan shago na ba shi benci. Na faɗa masa yadda likita ta faɗa mini, da ciyawar da tumbin da komai. Yana saurare yana juya kwalbar a hannunsa.

"Shanuna ba su taɓa cutar kowa ba, Malami." Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar.

"Ba shanunka ba na. Jininmu na, ni da uwarta."

"Amma ta hannuna ya bi."

"Ta hannuna ya bi, Dikko. Kai kawowa kaka yi."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. "Zulai takan ware mata na farko, kafin ɗiyanmu su taɓa. Mi zan ce mata?"

Ya mayar da kwalbar cikin tsumma ya tafi, ko ruwa bai sha ba. Bayan mako biyu na iso shago na tarar da ƙwarya a bakin ƙofa, da ƙwan zabi a cikin ƙaiƙayi. Maƙwabcina ya ce wani Bafulatani ne ya ajiye, ya ce ba zai jira ba. Har yau haka yake yi. Ban ƙara ganin fuskarsa ba.

Safa yatsunta daidai suke. Na duba su ya fi sau ɗari. Na faɗa wa likita a waya, ta ce wannan ba hujja ba ce, da yawa masu ciwon yatsunsu lafiya lau, sai an auna jini. An ɗauka, muna jira. In magariba ta yi nakan jefa maɓalli a ƙasa in ce ta ɗauko mini. Tana ɗauka wasa ne. Jiya ta ɗauko, amma sai da ta ɗan laluba, ko kuma ni ne na ga kamar ta laluba.

Murjanatu yanzu ba ta tashi sai an riƙe ta. Mun koma Sakkwato sau ɗaya, aka kwantar da ita kwana tara ana ƙara mata ruwa mai sukari don jikin ya daina cin kitsensa. Ƙafafun sun ɗan yi dama. Da likita ta leƙa idon, ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Takardar sakamakon tana wurinta, a ƙarƙashin matashi. Da Turanci aka rubuta, ni ba na iya karantawa, ita ce mai iyawa a gidan. Da farko takan fito da ita bakin ƙofa inda haske yake, ta karanta kalma guda a kallo ɗaya. Daga baya ta koma harafi biyu, harafi uku. Ban san me take nema a ciki ba. Ta riga ta haddace ta.

Yau da safe na dafa ƙwan zabi biyu da kaina, na murƙushe su cikin manja, na zauna a gabanta. Cokalin nan ne dai, ba mu da wani ƙarami. Rana ta shigo ɗakin sosai.

"Baba, tsaya. Kada ka motsa."

Na tsaya. Ta ɗaga kai tana neman fuskata, a hankali, sama da ƙasa, hagu da dama. Ta wuce ni, ta dawo, ta sake wucewa.

"Ga ni nan," na ce.

"Kada ka yi magana. In ka yi magana da kunne zan same ka."

Na yi shiru. Na riƙe numfashina. Idonta ya bi ta kan kafaɗata, ya tsaya a bangon da ke bayana, ya daɗe a can.

"Yauwa," ta ce. "Na gan ka."

Na ɗebo ƙwan na kai bakinta. Ta ci cokali biyu, ta ce ta ƙoshi.